Tambaya da Amsa: Dattijo da Waƙar Shagon Aski

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun zo ne daga masu karatunmu mazauna Amurka da Birtaniya da Kanada, kuma duk sun taru a kan abu guda, wato salon waƙar nan ta muryoyi huɗu wadda ba a haɗa ta da kiɗa ko kaɗan, wadda ake dangantawa da shagunan aski na Amurka, da kuma ko wanda shekaru suka ja masa zai iya shiga cikinta. An taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, shekarata 67, kuma bara na yi ritaya bayan dogon aiki a jihar Ohio. Maƙwabcina ya matsa mini in bi shi wurin ƙungiyarsu ta mawaƙan shagon aski, waɗanda suke haɗuwa kowace Talata da dare. Na je na zauna a baya, kuma abin da na ji sai da ya tayar mini da tsigar jiki. Sai dai ban taɓa koyon karanta rubutun waƙa ba, muryata ta fara rawa, numfashina kuma ba kamar da ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Anya ba zan je in ɓata musu waƙa in kunyata kaina ba?

AMSA: Baba, ka koma ranar Talata mai zuwa, kuma a wannan karon kada ka zauna a baya. Zan faɗi dalilina, zan kuma nuna maka inda tsoronka yake da tushe, domin ba dukansa ne na banza ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne yadda aka gina wannan waƙa. Ba irin wadda mutum ɗaya zai ja saura su amsa ba ce. Kowa yana furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma a kan sauti huɗu mabambanta. Akwai mai jan waƙa, wanda yake riƙe da karin da mai sauraro zai iya tafiya da shi gida. A samansa akwai tena, mai siririyar murya, wanda ake so ya rera a hankali ba tare da ya danne kowa ba. A ƙasa akwai bes, mai kaurin murya, wanda sauran suke dogara a kansa. Na huɗu shi ne bariton, wanda yake kwashe duk sautin da ya rage bayan ukun sun ɗauki nasu, wani lokaci sama da mai jan waƙa, wani lokaci ƙasa da shi, har idan ka saurare shi shi kaɗai sai ka rantse ya ɓata hanya, kuma wannan ne ya sa abokansa ba sa gajiya da tsokanarsa. Mutum huɗu sun isa su rera ta, amma a ƙungiya irin ta maƙwabcinka ana tara mutum 20 ko 40, wasu manyan ƙungiyoyi ma sun haura 100, a raba su gida huɗu. Ma'aunin da aka saba bi shi ne cikin kowane mutum goma a sami bes huɗu, masu jan waƙa uku, bariton biyu, tena ɗaya. Saboda haka idan Allah ya ba ka murya mai kauri, ka sani kai ake nema.

Ita kuwa tsigar jikin da ta tashi maka, akwai lissafi a bayanta, kuma sanin lissafin shi zai kwantar maka da hankali. Duk sautin da maƙogwaro ya fitar yana ɗauke da wasu ƙananan sautuka a samansa. Idan bes ya rera sautin da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, a cikinsa akwai 220 da 330 da 440, haka har sama, sai dai kunne ba ya rarrabe su. To idan mai jan waƙa ya tsaya a kan 165, nasa ninkin na farko 330 ne, wanda ya yi daidai da na bes. Bariton ya ɗauki 275, tena ya ɗauki 385, kuma duk huɗun ninkin 55 ne. Da zarar sun dace haka, ƙananan sautukan nan suna haɗuwa su ƙarfafa juna, har a ji wata murya ta biyar tana shawagi a saman ɗakin alhali babu wanda yake rera ta. Wannan amo shi ne abin da mawaƙan suke farauta duk daren. Fiyano ba ta iya ba da shi sosai, domin an daidaita ta ne ta yadda za ta yi aiki a kowane mataki, sai ta ba da kusan 277 a inda ake son 275, ta ba da 392 a inda ake son 385. Bambancin kaɗan ne a takarda, amma shi ne tsakanin amon da ke tashi da wanda ke kwance, kuma shi ya sa ba a yarda kayan kiɗa su shigo ba.

Ka ga ke nan abin da ake buƙata daga gare ka ba ƙarfin murya ba ne. Kunne ake buƙata, da haƙurin sassauta muryarka har ta nutse cikin ta na kusa da kai, kamar yadda zare ke ɓacewa cikin igiya idan an tufka ta da kyau. A ganina dattijo ya fi saurayi sauƙin koyon wannan, domin saurayi mai zaƙin murya yakan so a ji shi, kuma a wannan waƙa duk wanda aka ji shi daban, to, ya yi kuskure. Shugabannin waƙa da yawa sun fi shan wahala da tsohon mawaƙin da ya saba tsayawa shi kaɗai a gaban jama'a fiye da wanda bai taɓa waƙa ba sai a banɗaki.

Yanzu ga inda tsoronka yake da gaskiya. Tantanin murya guda biyu da ke cikin maƙogwaro suna sirancewa da shekaru, har su daina haɗuwa sosai, sai iska ta riƙa zurarewa, murya ta yi rauni, numfashi ya ƙare da wuri. Muryar namiji takan ɗan yi sama, ta mace kuma takan ɗan yi ƙasa bayan ɗaukewar al'ada. Ƙarancin numfashi ba matsala ba ce a ƙungiya, saboda akwai dabarar da kowa ke bi: kana tsakiyar dogon baiti sai ka janye muryarka a hankali, bakinka na ci gaba da motsi, ka shaƙi iska, ka dawo a hankali, na kusa da kai kuma ya yi nasa a wani wurin dabam, mai sauraro bai san an yi ba. Rawar murya ce ta fi zama abin kula, domin amon da na bayyana yana buƙatar sauti miƙaƙƙe, kuma muryar da ke lilo sama da ƙasa tana hana shi tsayawa. Amma sau da yawa wannan rawar daga rashin amfani take da raunin tallafin numfashi, kuma tana raguwa idan aka riƙa motsa muryar kullum. Minti goma ko sha biyar kowace rana sun fi awa biyu a rana ɗaya. Ka fara da fitar da sauti ta hanci a hankali baki rufe, sa'an nan ka sami siririn bututun roba na shan lemo ka riƙa fitar da sauti ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama ka dawo, wanda dabara ce da masanin murya Ingo Titze ya yaɗa, kuma masu gyaran murya a asibitoci suna amfani da ita. Ka yawaita shan ruwa, ka rage kakarin gyaran murya. Idan kuwa dishewa ta wuce mako uku ba ta tafi ba, wannan ba zancen waƙa ba ne kuma, ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba.

Batun karanta rubutun waƙa kada ya hana ka barci. Da yawa daga cikin waɗanda ka gani a tsaye a daren nan ba su iya ba. Ana ba kowa waƙar a naɗe, inda aka ɗaga muryar sashensa aka rage sauran, ya yi ta saurare a mota ko a gida har ta zauna, sa'an nan ya koma ga wani naɗin da aka cire sashensa gaba ɗaya ya cike gurbin da kansa. Takardar za ta taimaka maka ka ga inda sauti ya hau da inda ya sauka, kuma a hankali za ka tsinci kanka kana karantawa ba tare da ka zauna aji ba. Abin da zai fi ba ka aiki shi ne daidaita wasula, domin idan mutum arba'in suka buɗe baki a kan kalma ɗaya kowa da irin lafazinsa, amon ba zai tashi ba. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne za a gyara saboda Turancinka na baƙo ne. Haifaffen Ohio ma sai ya ajiye lafazin garinsu ya ɗauki wanda shugaban waƙa ya tsayar.

Ga abin da za ka tarar idan ka je. Wani daga cikin shugabanni zai ja ka gefe ya sa ka bi shi da murya daga ƙasa zuwa sama don ya san gidan da za a sa ka, sa'an nan a tsayar da kai kusa da wanda ya daɗe a wannan gidan. Wani zai ciro wata 'yar sarewa mai zagaye daga aljihu ya busa sauti ɗaya tak, kowa ya kama nasa daga wannan sautin, shugaba ya ɗaga hannu, a fara. Bayan an tashi, kada ka yi saurin tafiya gida, domin a nan ne za ka ga mutane huɗu-huɗu a lungu, kawunansu a haɗe, suna rera wutsiyar waƙa, wato 'yan sautukan ƙarshe da ake koya wa mutum da ka cikin minti biyu ko uku. Za su kira ka, su ba ka sauti biyar ko shida, wataƙila ma sauti ɗaya da za ka riƙe yayin da su ukun suke juyawa a kewayensa. Ka yarda. A nan za ka san ko kunnenka yana kamawa, kuma ina kyautata zaton yana kamawa, tun da ya ji abin da ya ji daga kujerar baya.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce, na haura shekara 60, ina zaune a Landan. Na ga sanarwar wata ƙungiya a unguwarmu, amma ɗana ya ce wannan waƙar tsofaffin Turawa maza ce masu hular kaba da riga mai ratsi-ratsi, babu abin da ya haɗa baƙar fata da ita, balle mace. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, ɗanki ya faɗi hoton da aka fi gani, amma tarihin ya saɓa masa. Tushen wannan salo yana wurin baƙaƙen fatar Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, musamman a kudancin ƙasar, inda shagon aski yake matattarar maza, kuma inda samari kan tsaya huɗu-huɗu suna laluben sautukan da za su dace da kunne kawai. Marubucin nan James Weldon Johnson, wanda ya tashi a Jacksonville ta jihar Florida, ya bayar da labarin yadda shagunan askin garinsu suke da mawaƙansu. Louis Armstrong ma tun yana yaro a New Orleans ya yi waƙa cikin irin wannan rukuni na mutum huɗu a kan titi kafin ya shahara da ƙaho. Abin da ya faru shi ne da kamfanonin faifai suka bunƙasa a farkon ƙarni na 20, fararen mawaƙa aka fi ɗauka, sai salon ya shiga gidajen jama'a da fuskarsu. Binciken da Lynn Abbott ya wallafa a 1992 shi ne ya tattaro hujjoji daga tsofaffin jaridu da bakin dattawa ya mayar da zancen inda ya fito, kuma a yau babbar ƙungiyar mawaƙan da kanta ta amince da haka.

Ita wannan babbar ƙungiya, wadda yanzu ake kira Barbershop Harmony Society, an kafa ta ne a 1938 a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, lokacin da wani lauya, Owen Cash, da abokinsa Rupert Hall suka gayyaci mutane su zo a farfaɗo da waƙar da rediyo ya fara binnewa, mutum 26 suka amsa gayyatar farko. Ba za a ɓoye ba, ta fara da wariya. A 1941 wasu baƙaƙen fata huɗu, 'yan dako a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, sun ci gasar birnin New York, amma aka hana su shiga gasar ƙasa saboda launinsu, abin da ya sa tsohon gwamnan jihar, Al Smith, ya fice daga ƙungiyar don nuna fushi. Sai a 1963 aka soke wannan doka, kuma sai a 2017 aka karrama mutanen huɗu, bayan duk sun riga mu gidan gaskiya. Na kawo wannan ne don kada ki shiga da zaton cewa alfarma ake yi miki.

Game da mata kuwa, sun daɗe a ciki. An kafa Sweet Adelines a 1945, ita ma a Tulsa, kuma a yau tana da rassa a ƙasashe da yawa. A 1959 wasu mata suka ɓalle daga cikinta suka kafa Harmony, Incorporated, dalilinsu kuwa shi ne ƙin amincewa da dokar da ta hana baƙaƙen mata shiga. Ƙungiyar maza ta Amurka ta buɗe ƙofarta ga mata a 2018. A nan Birtaniya inda kike, kulob na farko ya fara ne a garin Crawley a 1964, ƙungiyar maza ta ƙasa ta kafu a 1974, ta mata kuma a 1976, kuma yanzu akwai ƙungiyoyin da maza da mata suke waƙa tare. Mata suna amfani da sunayen sassa huɗun nan ba tare da canji ba, har da bes, kuma tun da muryar mace takan yi ƙasa da shekaru, mai shekarunki sau da yawa ita ce ake rububi a wannan sashen. Ƙungiyoyi da yawa a Birtaniya suna shirya darasin 'yan makonni ga sababbin shiga, kyauta ko da kuɗi kaɗan, kuma ta nan ya fi dacewa ki fara. Gaskiya ne har yanzu fararen fata ne suka fi yawa, kuma mai yiwuwa ki zama ke kaɗai a ɗakin. Wannan ke za ki auna ko za ki iya da shi. Hular kaba da riga mai ratsi kuwa, sai dai a wurin wasa na musamman.

TAMBAYA: Malam, na shekara uku ina waƙa a sashen bes. Yanzu an sa mini na'urar ji, kuma tun daga lokacin nake jin muryata kamar a cikin tulu, idan an busa sarewar farawa kuma sai na'urar ta riƙa karkarwa. Ga gwiwa ba ta barina in daɗe a tsaye a kan matakala, ga mantuwar baiti. Lokacin ajiyewa ya yi ne?

AMSA: Bai yi ba, Baba, domin duk ukun suna da magani, kuma na farkon ya fi sauƙi. An ƙera na'urar ji ne domin magana, saboda haka tana danne sauti mai ƙarfi, tana kuma da wata dabara ta kashe ƙarar fito da kan taso daga cikinta. Matsalar ita ce dogon sauti tsantsa irin na sarewar nan yana kama da wannan fiton, sai na'urar ta shiga yaƙi da shi, shi ne karkarwar da kake ji. Ka koma wurin wanda ya daidaita maka ita ka gaya masa kai mawaƙi ne, ka nemi ya buɗe maka tsari na musamman don waƙa, wanda yawancin na'urorin zamani suna da shi, kuma ka tafi da sarewar ya gwada a gabanka. Jin murya kamar a tulu kuwa daga toshewar ramin kunne yake, ana rage shi ta hanyar sauya kan na'urar da wanda ke barin iska ta wuce, idan irin raunin jinka ya ba da dama. Sa'an nan ka roƙi shugaban waƙa ya matso da kai tsakiya, ya sa ƙwararren bes a bayanka, domin wanda ke bayanka shi kake ji, ba wanda ke gabanka ba.

Zancen gwiwa ba abin kunya ba ne. Akwai dogayen kujeru da ake kafawa a kan matakalar don mutum ya zauna kansa yana daidai da na masu tsayuwa, kuma ana ganinsu har a dandalin gasa. Idan ka zauna, ka matso bakin kujerar, bayanka a miƙe, ƙafafu a ƙasa, don kada ciki ya takure numfashi. Mantuwa kuwa, kada ka haɗa koyon kalmomi da koyon sauti a zama ɗaya. Ka rubuta baitocin da hannunka, ka karanta su kamar labari har ka san abin da waƙar ke faɗa, sa'an nan ka ɗora musu sauti, kuma ka riƙa farawa daga baitin ƙarshe kana komowa baya, domin kowa ya iya farkon waƙa, a tsakiya da ƙarshe ake tuntuɓe. Abu ɗaya zan ƙara: wasu magungunan hawan jini da na mura suna busar da maƙogwaro. Kada ka daina shan su, amma ka gaya wa likitanka.

TAMBAYA: Malam, mahaifina ya rasa mahaifiyarmu shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga nan ba ya fita. Yana son waƙa. An ce shiga irin wannan ƙungiya yana hana ruɗewar tsufa. Sai dai na ji a zauren coci suke haɗuwa, kuma bayan an tashi mashaya suke zuwa.

AMSA: Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, kada ki kai shi da alkawarin da ba a tabbatar ba. Wani bincike da Julene Johnson ta jagoranta a San Francisco, wanda ya ƙunshi dattawa 390 a cibiyoyin tsofaffi 12, ya gano cewa bayan wata shida na waƙa a ƙungiya kaɗaici ya ragu, sha'awar rayuwa kuma ta ƙaru, amma bai ga wani bambanci a ƙarfin ƙwaƙwalwa ko na jiki ba. To kaɗaicin shi ne ciwon Baba a yanzu, kuma wurin da za a lura idan bai zo ba, a kira shi a waya a ce sashensu ya yi rauni, ya fi nasiha amfani.

Zauren coci haya ake kamawa saboda arha da kyawun amo, wasu kuma a makaranta ko zauren unguwa suke haɗuwa, kuma ƙungiyoyin ba na addini ba ne. Amma ki sani yawancinsu suna da wasan Kirsimeti a watan Disamba, kuma akan sami waƙoƙin ibada jefi-jefi. Ya gaya wa shugaba tun farko waɗanda ba zai rera ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Zaman bayan tashi ba dole ba ne. Ki tambayi kuɗin shekara, na reshe da na uwar ƙungiya, da kuɗin kayan sawa, kafin ya sa hannu. Kuma ki raka shi daren farko, amma ki bar shi ya yanke hukunci da kansa.

TAMBAYA: Malam, shekarata 74, na kai shekara goma a ƙungiyarmu a Kanada. Sabon shugaban waƙa matashi ne, gasa kawai ya sa a gaba. Ya ce kowa ya naɗi muryarsa ya aiko a tantance kafin a bar shi ya hau dandali, ya kuma shigo da rawa da juyi. Mu tsofaffi muna ganin korarmu ake yi da dabara.

AMSA: Baba, wannan rigima ta girmi shugabanku, kuma kusan kowace ƙungiya tana fama da ita, domin mutane iri biyu ne a ɗaki ɗaya: masu zuwa don zumunci da masu zuwa don maki. Ba zan ce shugaban ya yi laifi gaba ɗaya ba. A gasa waƙa biyu kawai ƙungiya take rerawa, alƙalai suna auna ingancin murya, da yadda aka sarrafa waƙar, da yadda aka gabatar da ita a dandali, kuma mutum biyu da ba su iya sashensu ba sun isa su dusashe amon mutum talatin. Naɗar murya ba cin mutunci ba ne, hasali ma ita ce hanya mafi gaskiya da mutum zai ji kansa, kuma ina ba ka shawara ka yi ta ko da ba a tilasta ba. Inda nake ganin ya zarce shi ne idan ya mayar da duk daren mako ya zama tisa waƙa biyu, ya bar tsofaffin waƙoƙin da kowa ya sani da ziyarar gidajen tsofaffi da asibitoci, domin ƙungiyar sa-kai ce, ba albashi ake biyan kowa ba, kuma ku ne kuka riƙe ta kafin ya zo.

Kada ku yi ta gunaguni a wurin ajiye motoci. Ƙungiyar tana da zaɓaɓɓen kwamiti, kuma shi ne ya ɗauki shugaban waƙa, saboda haka ku kai masa buƙatu bayyanannu: a ware wani ɓangare na kowane dare don waƙoƙin kowa da kowa, a bar rawar ga layin gaba, wanda dama haka aka saba, a kuma ba wanda bai tsallake tantancewa ba mai taimaka masa da damar sake gwadawa, tare da tabbacin cewa rashin hawa dandalin gasa ba zai hana shi sauran wasannin shekara ba. Idan an ƙi duk wannan, a manyan birane akan sami reshe fiye da ɗaya, kuma ba duka ne suke gasa ba.

Akwai kuma wata ƙofa da mai yiwuwa ba ka duba ba. Uwar ƙungiya, wato Barbershop Harmony Society, tana shirya gasar dattawa ta rukunin mutum huɗu a taronta na tsakiyar hunturu, sharaɗinta kuwa shi ne kowane mawaƙi ya kai shekara 55, jimillar shekarun huɗun kuma ta kai 240. Da shekarunka 74, sauran ukun 166 kawai ake so su haɗa, wato ko da waɗanda ba su kai 60 ba za ka iya cika sharaɗin. Waƙa a rukunin mutum huɗu ta fi wuya, domin babu wanda zai rufa maka asiri idan numfashi ya ƙare, don haka ku zaɓi waƙoƙi masu gajerun baitoci, ku sauke su mataki ɗaya ko biyu idan tena yana wahala, ku fara da haɗuwa a falon ɗayanku sau ɗaya a mako kafin ku yi zancen rajista.